Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Shirya Tafiye-tafiye Na Bauchi Da Gombe Kan Tallar Hawan Giwa

Zuwa ga Alhazai da Hajiyoyi, masu kamfanonin shirya tafiye-tafiye da sayar da tikitin jirgi a Bauchi da Gombe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da ma'aikatanku, ina roƙon ku ba ni aron hankalinku kan wani ɗan layi guda da ya fara yawaita a cikin tallace-tallacen da wasunku ke turawa ta WhatsApp da Facebook, musamman idan hutun ƙarshen shekara ya ƙarato, ko kuma an sha biki ana neman inda ango da amarya za su je su huta. Bayan an lissafa biza da tikiti da otal da kwanakin da za a yi a Bankok ko Puket na ƙasar Tailan, sai a ƙara da cewa akwai hawan giwa ko wanka da giwaye, a liƙa hoton baƙi biyu zaune cikin kujera bisa gadon bayan giwa suna dariya. Wannan layin nake roƙon ku cire, kuma zan kawo dalilaina, domin na san ba a cewa ɗan kasuwa ya saki abin da ke jawo masa ciniki ba tare da hujja ba.

Ku na rubuto wa maimakon matafiyan, saboda a hannunku zaɓin yake. Ɗan kasuwar da ya je Bankok saro kaya ya samu rarar kwana biyu, da iyayen da suka kai wa ɗansu ziyara a wata jami'a ta Indiya, da ma'auratan da suka daɗe suna tara kuɗin wannan tafiya, duk cikinsu babu wanda ke zama ya binciki sansanin giwayen da za a kai shi. Abin da wakilinku na can ya rubuta a jadawali shi za su bi, motar da aka turo ƙofar otal ita za su shiga. Irin amanar da ake ba ku wajen zaɓar masauki a Makka da Madina ita ce dai ake ba ku a nan, sai dai a nan akwai wata halitta ta uku a cikin cinikin, wadda ba a shawarce ta ba, kuma a bayanta ake karɓar kuɗin.

Tambayar da ya kamata kowa ya fara yi wa kansa ita ce yadda aka yi dabbar da nauyinta ya kai tan 3 zuwa 4 ta tsaya cik, baƙon da ba ta taɓa jin warinsa ba ya ɗare wuyanta, wani kuma ya rungumi hannunta ana ɗaukar hoto. Doki da jaki da raƙumi da sa, ɗan'adam ya yi dubban shekaru yana kiwonsu, yana zaɓar masu sanyin hali yana haɗa su barbara, har zama da mutum ya shiga jininsu. Giwa ba ta bi wannan hanya ba. Ko a turke aka haife ta, jikinta da ɗabi'arta na dabbar dawa ne, don haka kowace giwa ɗaya sai an horar da ita daga tushe kafin ta ɗauki mutum. Tsohuwar hanyar da aka sani a Tailan da maƙwabtanta ita ce a raba ɗan giwa da uwarsa tun yana ƙarami, a ɗaure shi da igiyoyi cikin wani matsattsen keji na gumagumai inda ba zai iya juyawa ko kwanciya ba, a hana shi barci, a rage masa abinci, a riƙa dukansa da sanda mai ƙugiyar ƙarfe a wuraren da fatarsa ta fi laushi, kamar bayan kunne da goshi, har ya daina turjiya. A 2020 ƙungiyar kare dabbobi ta World Animal Protection ta fitar da bidiyon da aka ɗauka a ɓoye na irin wannan horo a Tailan, wanda ya nuna cewa abin bai zama tarihi ba tukuna. Adalci ne a faɗa cewa ba kowane sansani ke yin sa da wannan tsanani ba, kuma akwai masu kula da giwa da ke ƙaunar dabbobinsu ƙwarai, amma ƙugiya da sarƙa suna nan a kusan duk inda ake hawan giwa, domin da su ake tuna wa dabbar darasin da ta koya tana ƙarama. Wanda ya taɓa tsayawa kallon gardi da kurarsa a bakin kasuwa ya san cewa ba don ƙauna kura ke bin sa ba, takunkumi da sarƙa da kulkin da ke hannunsa su ne ke tafiyar da wasan.

Raba ɗa da uwar nan shi ya fi tsaya mini a rai. Giwa tana ɗaukar ciki wata 22, mafi tsawo a cikin dabbobi masu shayarwa, ɗanta kuma yakan yi shekaru yana shan nono. Garken giwaye dangi ne na uwaye da 'ya'ya da 'yan'uwa mata a ƙarƙashin jagorancin tsohuwa guda, wadda ta san inda ruwa yake idan fari ya yi tsanani, kuma 'ya mace takan zauna cikin wannan garke har ƙarshen rayuwarta, wadda ke iya kaiwa shekara 60 zuwa 70. Ni ba malami ba ne, fatawa kuma ta malamai ce, amma yawancinmu mun ji hadisin da Abu Dawud ya ruwaito na sahabban da suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa a kan hanyar tafiya, uwar ta zo tana fuka-fuki a kansu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali saboda 'ya'yanta, ya kuma yi umarni a mayar mata da su. Idan haka aka yi wa tsuntsuwar da ba ta cika tafin hannu ba, ban ga yadda za mu biya kuɗinmu mu zama dalilin da ake ci gaba da yi wa giwa haka ba.

Yana da kyau ku san yadda wannan kasuwa ta samo asali, domin zai taimaka muku wajen gane masu ita. Shekaru aru-aru giwaye a Tailan aikin jan gumagumai suke yi a daji. Bayan mummunar ambaliyar da ta auka wa kudancin ƙasar a ƙarshen 1988, wadda aka danganta ɓarnarta da sare dazuzzuka, gwamnati ta haramta yankan katako a 1989, sai dubban giwaye da masu su suka wayi gari ba aikin yi. Wasu suka shiga birane suna yawon bara da giwa a tituna, wasu suka koma ɗaukar baƙi, daga nan kuma sansanoni suka yi ta tsirowa a Ciyang Mai da Pataya da Puket. Wata tsohuwar doka ta 1939 ta sanya giwar gida a rukunin dabbobin ɗaukar kaya, tare da doki da jaki da ɓauna, wato dukiya ce da ake saye da sayarwa. Rahoton da ƙungiyar da na ambata ta fitar a 2020 ya ƙirga giwaye 3,837 a wurare 357 na yawon buɗe ido a ƙasashen Asiya, 2,798 daga cikinsu a Tailan kaɗai, kuma ya samu cewa kashi 63 cikin 100 suna zaune cikin mummunan yanayi. Ma'anar wannan a aikace ita ce, idan kun bar wakilinku ya zaɓo muku sansanin da ya fi ba shi kamasho, mafi rinjayen zato shi ne cikin waɗannan zai faɗa.

Baƙo sa'a ɗaya ko biyu yake yi a sansani, ita kuwa giwa a nan take kwana ta tashi. A dawa takan shafe mafi yawan yini da dare tana tafiya tana kiwo, tana cin ganye da ciyawa da ɓawon itace da zai kai kilo 150, tana shan ruwa fiye da lita 100, tana birgima cikin taɓo don kare fatarta daga rana da ƙwari. A sansani da yawa, da zarar baƙi sun watse, sai a ɗaure ta da gajeriyar sarƙa a kan daɓen siminti, ta tsaya cikin fitsarinta da kashinta, kuma daga nan ciwon ƙafa da ruɓewar farce da ciwon gaɓɓai ke kama ta, waɗanda suke cikin manyan cututtukan giwayen da ke tsare. Ɗan wani maƙwabcina da ya dawo daga irin wannan tafiya ya nuna mana bidiyo a wayarsa muna zaune a ƙofar gida bayan la'asar, yana cewa mu ga giwa mai rawa. Giwar tana tsaye wuri ɗaya tana kaɗa kai dama da hagu, tana ɗaga ƙafar gaba tana ajiyewa, ba tsayawa, alhali babu kiɗa babu mai yi mata magana. Da aka matso da hoton sai ga sarƙa a ɗaya ƙafar, tsawonta bai kai taku biyu ba, ga kuma tabo-tabo a goshinta da bayan kunnenta an shafe su da jibi sun yi shuɗi. Masana halayyar dabbobi sun daɗe da bayyana wannan kaɗa kai a matsayin alamar ƙunci da gajiyar zuciya ga dabbar da aka tsare, kuma ba a san giwar dawa da shi ba. Yaron bai yi laifi ba, abin da mai yi musu jagora ya faɗa masa shi ya maimaita mana.

Kujerar ma da ake ɗorawa tana da nata aibin. Girman giwa yakan ruɗi mutum ya ɗauka bayanta zai ɗauki komai, alhali ƙashin bayanta yana da tsinaye da suka miƙe sama, kuma kujerar ƙarfe ko ta katako da aka ɗaure da igiya ta ƙarƙashin ciki da gindin wutsiya, da mutum biyu ko uku a ciki daga safe zuwa yamma, tana goge fata har ta zama gyambo. A watan Afrilun 2016 wata giwa ta yanke jiki ta faɗi ta mutu a kusa da wurin bautar Angkor Wat na Kambodiya bayan ta yi jigilar baƙi cikin zafin da ya kai maki 40, kuma surutun da ya biyo baya yana cikin abin da ya sa hukumar wurin ta dakatar da hawan giwa daga 2020. Ko inda ake da kuɗi da likitoci ma tsarewa ba ta yi wa giwa daɗi ba. Wani bincike da mujallar Science ta wallafa a 2008 ya samu cewa giwar Afirka da aka haifa a gidajen namun daji na Turai matsakaicin rayuwarta bai wuce kimanin shekara 17 ba, alhali 'yar'uwarta a dajin Amboseli na Kenya takan kai 56 idan ba mutum ne ya kashe ta ba.

Wanda tausayin dabba bai motsa shi ba, to ya dubi lafiyar abokin cinikinsa. A watan Janairun 2025 wata ɗaliba 'yar ƙasar Sifen mai shekara 22 ta rasa ranta a tsibirin Koh Yao Yai na Tailan tana cikin yi wa giwa wanka, wato ainihin abin da ake tallatawa a matsayin mai sauƙi wanda ya dace da mata da yara. A watan Fabrairun 2016 wani ɗan Birtaniya ya mutu a tsibirin Koh Samui bayan giwar da yake kai ta kayar da shi ta soke shi da haure. Toron giwa yana da lokacin da yake shiga wani irin zafin rai, wani ruwa mai maiƙo ya riƙa tsiyaya daga gefen kansa tsakanin ido da kunne, a lokacin nan ko wanda ya rene shi yana shakkarsa, kuma sansanin da ke ƙirga kuɗin kowace rana yana iya jinkirta janye shi daga aiki. Akwai kuma tarin fuka, wanda aka tabbatar yana yaɗuwa tsakanin giwa da mutum, ga shi kuwa baƙi suna tsayawa daf da hannun giwa tana fesa musu ruwa a fuska. Kamfanin Turai yana da lauyoyi da inshora da takardar da baƙo ke sa wa hannu. Ku kuwa ofishinku yana Wunti ko Jekadafari, dangin matafiyin sun san gidanku, sun san masallacin da kuke salla, kuma ku ne za ku shiga gidan da bakinku ku kai labarin.

Za ku ce yanzu ai wuraren sun gyaru, domin wakilanku suna turo muku sunaye irin su mafakar giwaye da gidan marayu da cibiyar ceto. Babu wata doka da ta hana kowa rubuta wannan a allon ƙofarsa, kuma da masu sansani suka lura baƙi sun fara ƙyamar kujera, da yawa sun sauke ta sun koma sayar da wanka da ciyarwa da rungumar 'ya'yan giwa, alhali horon da ke sa giwa ta haƙura da hannayen baƙi hamsin a rana shi ne dai wanda ke sa ta haƙura da kujera. Misali biyu daga ƙasa ɗaya sun isa su nuna bambancin. Gidan marayun giwaye na Pinnawala a Siri Lanka, wanda aka kafa a 1975, ya shahara ƙwarai wurin 'yan yawon buɗe ido, amma giwaye suna hayayyafa a cikinsa, suna zama a hannun mutum, kuma masu kare dabbobi sun sha sukar yadda ake amfani da sarƙa a wurin. A Udawalawe kuwa, inda hukumar kula da namun daji ta ƙasar ta buɗe wata cibiya a 1995, baƙo daga kan dandamali yake hangen marayun a lokacin da ake ba su madara, ba ya taɓa su, kuma idan sun girma ana sakinsu su koma daji. A Nairobi ma, cibiyar Sheldrick sa'a ɗaya tak take buɗe wa jama'a a rana, marayunta kuma ana mayar da su dajin Tsavo sannu a hankali.

Saboda haka ba sai kun je da ƙafarku kafin ku tantance ba. Ku tambayi wakilinku ko ana hawa, ko ana wanka tare da baƙi, ko giwaye suna zane da buga ƙwallo da tsayawa kan ƙafa biyu, idan amsar ɗaya daga ciki ta zama e, to zance ya ƙare. Ku tambaye shi inda giwayen ke kwana da abin da ake ɗaure su da shi da dare, ku ce ya turo muku hoton wurin kwanan, ba na bakin kogi ba. Idan sansani cike yake da ƙananan 'ya'ya a kowace shekara, ku tambayi inda uwayensu suke da inda 'ya'yan bara suka tafi, domin wurin da ke ceton giwaye ba shi da dalilin zama gidan haihuwa. Wurin kirki ba ya jin haushin irin waɗannan tambayoyi. Kuma ba ku ne za ku fara ba, tunda kamfanin shirya tafiye-tafiye na Intrepid Travel ya daina sayar da hawan giwa tun 2014, shafin tafiye-tafiye na intanet TripAdvisor ya daina sayar da tikitinsa a 2016, kuma ba a ji sun rufe shago ba.

Na san abin da za a mayar mini, kuma wasu daga cikin maganganun suna da nauyi. Za a ce masu giwayen nan talakawa ne, da kuɗin baƙi suke ciyar da iyalansu da dabbobinsu, kuma giwar da ta tashi a hannun mutum ba a iya kora ta daji kawai. Wannan gaskiya ce, an kuma ga zahirinta a 2020 lokacin da annobar korona ta tsayar da jirage, sansanoni suka rufe, masu giwaye suka riƙa takawa da su a ƙasa tsawon kwanaki zuwa ƙauyukansu saboda babu kuɗin abinci. Shi ya sa ban ce ku daina kai mutane kallon giwa ba. Abin da nake cewa shi ne ku karkata kuɗin zuwa wuraren da baƙo ke tsayawa daga nesa yana kallon giwa tana kiwo cikin 'yan'uwanta, inda mai kula da ita ke samun albashinsa ba tare da ya ɗora mata kowa ba. Mai sansani ɗan kasuwa ne irinku, abin da ake saye shi yake kasawa.

Za a kuma ce mu da muke hawan doki ranar salla, muke labta wa jaki kaya, muke cusa shanu cikin tirela daga nan har Legas, ina muka ga bakin magana. Maganar jakuna da shanun nan tana kanmu, kuma ta cancanci tata wasiƙar, amma laifin da muke yi a gida ba ya zama lasisin ƙara wani a ƙasar waje. Game da hawa kuwa, akwai wani hadisin a cikin Abu Dawud da ya gargaɗe mu kada mu mayar da bayan dabbobinmu mumbari, domin an hore mana su ne don su kai mu inda ba za mu kai ba sai da wahala. Wanda ya hau giwa a Pataya babu inda za ta kai shi, zagaye ɗaya za ta yi da shi ta dawo inda ta ɗauke shi, an ɗauki hoto, wani ya hau.

Kada kuma a ɗauka abin na Asiya ne kaɗai. Duk inda aka samu masu biya don kusantar ɗan giwa, za a samu masu shiga daji su kamo shi. Ƙungiyar TRAFFIC mai sa ido kan cinikin namun daji ta ba da rahoto a 2014 cewa an kama giwaye kusan 80 ba bisa ƙa'ida ba cikin shekara biyu don sayarwa ga harkar yawon buɗe ido a Tailan, yawancinsu daga Myanmar. A nahiyarmu, Zimbabuwe ta yi shekaru tana kama 'ya'yan giwa daga dajin Hwange tana sayar wa gidajen namun daji na Chaina, har sai da taron CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, da aka yi a Janiba a 2019 ya taƙaita irin wannan ciniki sosai. A 2021 kuma hukumar IUCN, mai fitar da jerin halittun da ke cikin haɗarin ƙarewa a duniya, ta sanya giwar kurmin Afirka a rukunin dabbobin da ke daf da ƙarewa, ta sanya giwar fili a rukunin da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Hausawa na cewa giwa a garin wani zomo ce, kuma waɗannan 'ya'yan giwa da aka ɗora a jirgi aka raba da danginsu sun ga tabbacin karin maganar a jikinsu.

Abin da ya sa nake ganin wannan magana ta fi kama mu, mutanen Bauchi da Gombe, fiye da sauran 'yan Najeriya shi ne Yankari. Giwayen da suka rage a ƙasar nan gaba ɗaya ƙiyasi ya nuna ba su wuce 400 ba, kuma garken Yankari, wanda ake ƙiyasta shi tsakanin 100 da 150, yana cikin mafi girma da suka saura. Dajin yana Ƙaramar Hukumar Alƙaleri, faɗinsa murabba'in kilomita 2,244, an keɓe shi a 1956, an buɗe shi ga jama'a a 1962, ya zama na tarayya a 1991, sannan ya dawo hannun Jihar Bauchi a 2006. Tun 2014 ƙungiyar kare namun daji ta WCS ke aiki tare da gwamnatin jiha wajen tallafa wa masu gadin dajin, waɗanda ke kwana a jeji suna sintiri a ƙasa, har an sanya wa wasu giwayen ƙawanya mai na'ura a wuya don a riƙa sanin inda garke ya nufa. Daga Bauchi ko daga Gombe, mutum zai ratse a Dindima, ya shiga ta ƙofar Mainamaji, ya ƙara tafiyar kimanin kilomita 40 zuwa sansanin Wikki, inda ruwan ɗumin nan ke ɓuɓɓugowa da zafin maki 31 rani da damina.

Wanda ya yi sa'a ya ci karo da garke a kusa da kogin Gaji cikin bazara, lokacin da ciyawa ta bushe dabbobi suka taru inda ruwa yake, ya ga abin da babu sansanin da zai iya sayar masa. Direba yakan kashe mota, mai jagora ya ɗaga hannu kowa ya yi tsit. Ƙarar karyewar rassa ake fara ji kafin a ga komai, sannan babbar ta fito ta tsaya, ta buɗe kunnuwa, ta ɗaga hannu sama tana shinshinar iska, sai da ta gamsu sauran ke ratsa hanya, ƙanana a tsakiya suna tuntuɓe tsakanin ƙafafun manya. A wannan lokaci babu wanda tunanin hawa ke zo masa, kowa addu'a yake kada ta juyo. Ba kullum ake ganinsu ba, wannan kuma ku faɗa wa abokan cinikinku tun kafin su biya, domin wani zai yi kwana biyu ya dawo da labarin gwanki da ɓauna da mugun dawa da birai masu sace abinci a ƙofar ɗaki kawai. Haka kuma manoman ƙauyukan da ke kewaye da dajin, waɗanda giwa ke iya shafe musu gonar masara ko dawa a dare ɗaya, suna da nasu kukan mai hujja, kuma baƙin da za ku kai, idan an tsara abin yadda wani kaso na kuɗinsu zai tsaya a ƙauyukan, suna cikin abin da zai sa manomi ya ga amfanin barin giwa da ranta.

Ina ƙara jan hankalinku kan abu guda, tunda ku ne ake fara tuntuɓa idan mai kuɗi yana son buɗe wurin shaƙatawa. Duk ranar da wani ya zo muku da shawarar a samo giwa ɗaya ko biyu a killace a wani lambu a bayan gari don yara su hau ranar salla, ku zama na farko da za ku ce masa a'a, ku kuma gaya masa cewa ba za ku kai masa ko mutum ɗaya ba. Giwar da za a kawo ɗin daga wani garke za a ciro ta, kuma duk abin da na zayyana a sama sai an yi mata kafin yaro na farko ya hau.

Buƙatata a taƙaice ita ce ku rubuta wa wakilanku na Bankok da Kolombo ta Siri Lanka da Jaifur ta Indiya cewa daga yanzu kada su sanya hawa ko wanka ko wasan giwa a jadawalin mutanenku, ku nemi su kawo muku wuraren da ake kallo daga nesa tare da hotunan wurin kwanan dabbobin, sannan ku ware shafi guda a tallarku don tafiyar kwana biyu zuwa Yankari tsakanin Disamba da Afrilu, da mota da masauki da mai jagora. Idan abokin ciniki ya nace sai ya hau, ku zaunar da shi ku gaya masa yadda ake horar da giwa da abin da ya faru a Koh Yao Yai, in ya so ya nemi hanyarsa da kansa idan ya sauka. Ina fatan shugabannin ƙungiyoyinku na jihohin biyu za su sanya wannan batu a zamansu na gaba, kafin a fara buga tallace-tallacen hutun ƙarshen shekara.

Allah ya yi wa kasuwancinku albarka, ya kai matafiyanku lafiya ya dawo da su lafiya. Wassalam.

Naku,
Wani mazaunin garin Bauchi